Gidajen Bakin Teku da Muka Cika da Mutane

Ni mutumin arewacin Tawa ne, kuma har na girma ruwa mafi faɗi da na sani shi ne tabkin bayan garinmu, wanda ke ƙafewa kafin a gama sussukar gero. Amma da na je Lyon, a Faransa, karatun tsara ƙasa, a tsakiyar shekarun dubu biyu, sai aka haɗa ni da teku. A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi sai ya je wani ofis ya koyi aiki na wasu watanni, ya rubuta kundi a kan abin da ya yi, sannan ya dawo ya kare shi a gaban malamai. Wanda ya ci ya samu digiri. Baƙo irina kuwa, da wannan digirin ne ake sabunta masa takardar zama, idan babu shi sai ya fara haɗa kayansa. Na samu gurbi a wani ƙaramin ofis a Paris da ke yi wa garuruwa taswira da nazari. Aikin da aka miƙa mini shi ne wata gunduma a gaɓar tekun yamma: in bayyana yawan mutanenta da yanayin ƙasarta, don hukuma ta san inda za ta bari a yi gini, da inda za ta hana, da abin da jama'a za su buƙata nan gaba.

Ranar farko matar da ke riƙe da ofishin ta tambaye ni ko na taɓa ganin teku. Na ce na gani mana, ta tagar jirgin sama. Ta yi dariya tana zaton ba'a nake yi, ni ma na taya ta dariyar.

Masauki bai ba ni wahala ba, domin ina da Kawu, ƙanen mahaifiyata, a Montreuil. Yana zaune a fuwaye, gidan kwanan ma'aikata baƙi, tun kafin a haife ni. 'Yan Mali ne suka cika gidan, Hausawa kuwa ɗaki biyu ne kawai, ƙofa na kallon ƙofa. Ɗakin Kawu gado uku ne, amma masu kwana sun fi gadajen yawa. Akwai mai aikin gadi da ke shigowa da safe ya kwanta a gadon wanda ya fita, zanen gadon bai ko huce ba. Ni katifa ake jawo mini daga ƙarƙashin gadon Kawu, da asuba in mayar da ita don a samu wurin salla.

Kawu ya ƙare ƙarfinsa a wuraren gini, yana ɗaukar siminti da bulo, har bayansa ya ɗan ranƙwafa. Mutum ne mai tsabta da son girma, ko burodi zai sayo sai ya sa hula. Juma'ar farko ya riƙe hannuna a ɗakin salla na ƙasa yana nuna ni ga duk wanda ya tsaya: "Ɗan yayata ne, injiniya." Na raɗa masa cewa ni ba injiniya ba ne, ɗalibin labarin ƙasa ne. Ya ce, "Wa ya tambaye ka?" Daga ranar sunana ya ɓace a gidan. Ko matan da ke dafa shinkafa a ƙasa Injiniya suke kirana, har su ƙara mini miya.

Rabin farko na aikin, wato yanayin ƙasa, ya zo mini da sauƙin da ban zata ba. Gundumar doguwa ce siririya, teku a gabanta, tuddan rairayi a jere, bayansu fadama mai gishiri, sannan gonaki. Teku ban san shi ba, sai da na zauna na karanta yadda yake janyewa ya bar fili ya kuma dawo ya karɓe abinsa, da yadda iskar lokacin sanyi ke sa shi ya gutsuri gaɓa. Amma rairayi ɗan gida ne. Na san yadda yake tafiya idan iska ta matsa masa, na san gefen tudun da ke hawa da gefen da ke zubewa, domin ina yaro na ga tudu ya cinye gonar kakana a hankali. Da na ga hotunan shingayen itace da suke kafawa don tsayar da shi, da ciyawar da suke dasawa, sai na tuna namu na kara da ƙaya. Sau ɗaya kawai na yi tuntuɓe. Na rubuta cewa fadamar nan, idan aka tare mata ruwan gishiri, za ta ba da albasa ta ban mamaki. Shugabar ofis ta ja layi a kai, ta ce fadamar ta tsuntsaye ce, doka ta ba su. A raina na ce ƙasa ta yi wa mutanen nan yawa. Na aika babin Lyon, farfesan da ke duba aikina ya amsa da yabo, ya ce ya daɗe bai ga ɗalibin da ya fahimci rairayi haka ba. Daga nan kaina ya fara kumbura.

Saura babin mutane, kuma a nan sai in faɗi yadda aka koya mana aikin a Yamai, inda na yi digirin farko. Malaminmu na ƙidayar jama'a ya sha gaya mana cewa ɗalibin da ya kwafi adadin gwamnati kai tsaye malalaci ne. Ya san abin da yake faɗa. A wajenmu idan mai ƙidaya ya shigo gari, maigida yakan rage mutanensa don tsoron haraji, uwa ba ta faɗa wa baƙo yawan 'ya'yanta, makiyaya suna daji, samari suna ci-rani. Don haka mai aiki da hankali yakan nemi hoton da aka ɗauka daga sama, ya ƙirga gidaje ɗaya bayan ɗaya, ya je ya leƙa kaɗan daga cikinsu ya ga mutum nawa ke ci a tukunya ɗaya, sannan ya ninka. Abin da ya fito shi ne gaskiya, ko kusa da ita. A ajinmu ba wanda ya kai ni iya wannan aiki, kuma da shi na zo Faransa ina taƙama.

Da na buɗe ƙidayar gundumar sai na ga abin da bai shiga kaina ba: gidaje birjik, mutane ƙalilan. An yi bayani cewa yawancin gidajen na biyu ne, masu su suna zaune a wasu birane. Na karanta, na kuma gane sarai, kada wani ya ce Faransanci ne ya kayar da ni. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce don mai gida ba ya nan, gidan ba kowa. A garinmu ma akwai irinsu. Mutum yana Yamai ko Kwatano, ya gina gida a mahaifarsa, kuma idan ka yi sallama za ka tarar da ƙanensa da iyalinsa, ko gwaggonsa da mijinta ya rasu, ko malamin makarantar da aka turo garin bai da masauki. Ban taɓa ganin gida mai rufi da ƙofa ya kwana ba mai numfashi a ciki ba. Sai na ce a raina, to, ashe su ma akwai jama'ar da ƙidaya ba ta kamawa.

A farkon Agusta ofis ya tura ni in ga wurin da idona. Teku ya ba ni tsoro, ban ko matsa kusa ba, kuma bakin ruwan cike yake da mutanen da ba su da kayan kirki a jikinsu, don haka rabin ziyarar ƙasa nake kallo. Amma cikin unguwanni na buɗe ido sosai. Kowane gida a buɗe yake. Tawul a kan kowace igiya, kekuna a jingine a kowace katanga, tsofaffi da jikoki suna cin abinci a farfajiya, layin mai burodi har ya zagaya kwana. Na yi ta tafiya ina ƙirga kawuna daga bakin shinge. Ban ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba, ban tambayi kowa komai ba, domin ina jin nauyin a ga baƙar fata da takarda a hannu yana leƙen gidajen mutane suna tsakar hutawa. Ban ma ga amfanin tambaya ba. Ga mutanen nan na gan su, da ransu da lafiyarsu, ƙidaya kuwa ta ce babu su.

Na dawo Paris na tarar da ofis kamar an yi shara. Shugaba ta tafi hutu, sauran ma'aikata sun tafi hutu, farfesa a Lyon ba ya amsa saƙo. Unguwanni sun yi tsit, har ana samun wurin zama da safe a metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Na lura da wannan duka, na ma yi wa Kawu ƙorafin cewa mutanen nan ba sa son aiki. Tambaya ɗaya ce ban yi wa kaina ba, ita ce ina suka tafi.

Wata Lahadi bayan la'asar na baje hotunan sama a kan gadon Kawu ina ƙirga rufi da bakin biro. Ya tsaya a kaina yana kallo, sannan ya ce, "Wanga aiki ya hi ƙarhin mutum guda." Ya leƙa ɗakin da ke kallonmu ya yi kira. Alhaji ya shigo, wani dattijo mutumin Maradi mai kasa 'yan kayayyaki a bakin titi wajen Porte de la Chapelle, mai surutu da saurin dariya. Malam ma ya shigo, wanda ke jan mu salla. Aka ɗora shayi. Na raba musu hotunan, kowa da unguwarsa, na nuna musu yadda ake bambanta rufin gida da na gareji. Da na bayyana musu abin da nake zargi, Alhaji ya tafa hannu.

"Kai, Anasara! Ashe su ma suna ɓoyon mutane saboda lanho, gudun haraji kamar mu. Ni dama na san da wata a ƙasa."

Malam ya ce a yi hattara, kada a ɗora wa mutane abin da ba su yi ba, wataƙila dai gidajen ba kowa. Kawu ya ɗago kai daga hotonsa ya dube shi kamar ya faɗi saɓo.

"Haba Malam. Mu munka gina irin gidajjen ga da hannunmu. Ɗaki biyar, ɗaki shida, bayi sama bayi ƙasa. Wane mahaukaci za ya yi wanga gini ya bar ma gizo-gizo?"

Daga nan sai aka koma gardamar mutum nawa za a sa wa kowane gida. Alhaji ya so goma. Malam ya ce a rage, ba sa haihuwa kamar mu. Ni na yanke hukunci da abin da na ƙirga daga bakin shinge, har na ɗan rage a kai don a ce ni mai taka-tsantsan ne. Ban taɓa jin daɗin aiki kamar na wannan yammacin ba. Dattawan nan da ba wanda ya taɓa tambayar ra'ayinsu a kan komai a ƙasar nan sun duƙufa a kan hoto, tabarau a karan hanci, suna yi wa juna tsawa idan wani ya tsallake layi. Sai da magariba ta tashe mu.

Da na ninka, mutanen gundumar suka ninka abin da ƙidaya ta faɗa har da ɗori. Daga nan sauran ya biyo da kansa. Idan jama'a sun kai haka, makarantun da ke akwai ba su isa ba, sai na ba da shawarar a ware filin sababbi. Na nemi a gina gidan haihuwa. Har maƙabarta na auna na ce ta yi musu kaɗan, a faɗaɗa ta. Na zana taswira mai launi, ja a inda na ce mutane sun fi cunkushewa, wato daidai layin gidajen da ke kallon teku. Da shugabar ofis ta dawo, fatarta ta yi duhu da rana, ta tambaye ni ko babin ya kammala. Na ce ya kammala, na miƙa mata kundin a ɗaure ana gobe za a rufe karɓa. Da gangan na yi haka. So nake su gani a zauren karewa, a gaban kowa, bakinsu ya mutu.

Kawu kuwa bai jira zaure ba. Kafin mako ya zagayo duk fuwaye ya san cewa Injiniya ya gano mutanen da gwamnatin Faransa ba ta san da su ba. Ya kira mahaifiyata ya gaya mata. Sannan ya sanar da ni cewa zai bi ni Lyon. Na yi ƙoƙarin hana shi, na ce ɗan ƙaramin ɗaki ne, ba biki ba ne, ba a ko ba da ruwa. Ya ce shi bai taɓa taka jami'a ba sai wadda ya yi wa dakon bulo, kuma ya riga ya kai shaddarsa guga. Muka hau jirgin ƙasa, muka kwana a Rillieux-la-Pape wajen iyalin da nake zaune da su lokacin karatu. Da safe ya fito cikin babbar riga shuɗiya, ya fesa turare har direban bas ya waiwaya.

Malamai uku ne a teburi, da shugabar ofis da ta sauko daga Paris, da 'yan ajinmu kaɗan. Kawu ya zauna a kujerar baya, hannuwa a kan gwiwa. Na fara da rairayi, kawuna suka yi ta gyaɗawa. Na wuce fadama da tsuntsayenta lafiya. Sannan na haska taswirata mai ja a bango, na ce da muryar da na yi ta gwadawa a banɗaki cewa ƙidayar hukuma ta bar mafi yawan mazauna gundumar a waje. Ɗakin ya yi shiru. Na ɗauka shirun girmamawa ne, na ƙara ɗaga murya, na kawo makarantu da gidan haihuwa da maƙabarta. Ina gamawa farfesana ya cire tabarau ya murza idanu.

Wata malama mai furfura ce ta fara magana, ita ce masaniyar ƙidaya a cikinsu, kuma ba ta yi mini mugunta ba. Ta tambaye ni wane wata na je wurin. Na ce Agusta. Wani ɗan ajinmu ya yi dariya ta hanci ya mayar da ita tari. Ta ce, "Da ka koma a Nuwamba, da ka bi titi bayan titi ba ka ga taga ɗaya a buɗe ba. Mai burodin da ka ga layinsa rufewa yake yi. Makarantar da ke can ma neman yara take, ana maganar haɗa azuzuwanta."

Da ina da wayo da na yi shiru a nan. Amma zuciya ta ɗebe ni, na ce ai ko masu gidan sun tafi dole akwai wanda aka bari a ciki, ɗan'uwa ko mai gadi ko wani mabuƙaci. Ta dube ni ta ɗan jima, sannan ta ce, "Ba kowa. A kulle suke." Farfesana ya so ya sassauta mini, sai ya ce shi ma yana da irin gidan a wata gaɓar, ƙarshen Agusta yakan kashe ruwa da wuta ya rufe sai baɗi, yana can ne ma shi ya sa bai ga saƙonnina ba. Malami na ukun ya ce aƙalla maƙabartar ba za ta dami kowa ba, tunda waɗanda aka yi dominta babu su. Aka yi dariya, ba mai yawa ba. Shugabar ofis ba ta yi ba, fuskarta ta yi ja, domin saura ƙiris ta aika wa magadan garuruwan wannan babi da sunan ofishinta.

Na sha jin kunya a rayuwata, amma ta wannan rana daban ce. Gumi ya jiƙa mini riga tun daga wuya, kunnuwana suka yi zafi, taswirar kuma tana nan a bango da janta, ban ma tuna in kashe ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙamshin turaren Kawu da nake ji daga bayana. Faransancinsa na wurin gini ne, amma ya ishe shi ya gane kulle da ba kowa. Ban waiwaya ba ko sau ɗaya. A wannan lokacin da za a ba ni zaɓi tsakanin digirin da a ce Kawu bai zo ba, wallahi da na bar musu digirin.

Aka fitar da mu baranda don su yi shawara. Kawu ya tsaya yana karanta wata sanarwa a bango, shi da ba ya karatun boko. Da aka kira ni aka ce ban faɗi ba, ban kuma ci ba. Babin rairayi ya cece ni. In sake rubuta na mutane daga tushe, in dawo kafin ƙarshen kaka, a lokacin za a yanke. Takardar zamana kuwa a daidai wannan lokacin take ƙarewa.

A jirgin komawa mun wuce gonaki da yawa kafin ya buɗe baki. Ina jiran faɗa, ko abin da ya fi faɗa ciwo, wato lallashi. Sai ya ce, yana kallon taga:

"Har da masu bene?"

Na ce har da su.

"Da gadaje ciki?"

Na ce da gadaje, da firiji, da komai.

"Da abin ɗuma ɗaki?"

Na ce da shi, amma a kashe. Ya gyaɗa kai a hankali. Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, na kunyata ka." Ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. Sai da muka shiga metiro mai lamba tara, muna dab da sauka, ya taɓa gwiwata ya ce, "In mun isa, kai ka yi shiru. Ni za ni magana."

Mun tarar an yi mana girki. Alhaji ya sayo naman rago, an haɗa ɗakunan biyu, har wasu 'yan Mali sun hawo. Muna shiga aka tashi da sannu da zuwa, Alhaji ya riƙe hannuna da hannu biyu yana tambaya, "To, mi sunka ce? Mi Anasara sunka ce?" Kawu ya cire hula ya goge goshi, ya zauna a bakin gado, ya bar su suka ɗan jira.

"Sun yi mamaki ƙwarai," in ji shi. "Wata babbar malama sai da ta rasa ta cewa. Sun ce ba su taɓa ganin irin wanga lissahi ba. Ya ƙara bincike ya koma musu."

Ɗakin ya ɗauki kabbara. Alhaji ya ce shi dama ya faɗa. Aka tura mini tsoka mafi girma, na ci, ban san ta inda ta wuce ba. Duk wanda ya dafa kafaɗata sai in ji kamar ya ɗora mini bulo.

Washegari na raka Kawu sayen burodi, na yi masa godiya da ya rufa mini asiri. Ya tsaya cak a gefen titi ya dube ni, kusan da fushi.

"Kai kana zaton don kai na yi? Kai yaro ne, taka kunyar wucewa za ta yi. Alhaji shekara nawa shina raba gado da wani? Malam tarin ga nashi daga ina ya samo shi, in ba sanyin ɗakin ga ba? Sai in zo in ce musu gidajjen da sunka ƙirga da hannunsu, da gado da komi, a kulle suke ba kowa? Su kwana da wanga a ransu?" Ya gyara hularsa. "Ka je ka gyara ma malamanka abinsu. Su kuwa ka bar su da mutanensu."

Haka na yi. Makonnin da suka biyo a ɗakin nan na sake rubuta babin, zaune a kan katifa, bayana a jikin bango don kada wani ya ga fuskar kwamfutata. Na cire mutanen unguwa bayan unguwa, na goge makarantu, na goge gidan haihuwa, jan taswirar ya koma fari-fari. Alhaji yakan miƙo mini shayi ya tambaya ko an ƙara gano wasu, in ce ana kan aiki. Kafin in koma Lyon na sake zuwa gundumar. Iska na kaɗawa, rairayi ya taru a bakin ƙofofi ba mai sharewa, na yi tafiya mai nisa ban gamu da kowa ba sai wata tsohuwa da karenta. A karo na biyu ni kaɗai na shiga zauren, Kawu ya ce bayansa na ciwo. Na ci, aka sabunta mini takarda.

Ranar da na kawo labari, bayan sallar magariba Malam ya ce a yi addu'a. Ya roƙa mini albarka a aiki, ya roƙa wa iyayenmu gafara, ya roƙa wa na gida damina mai kyau. Har ya kusa shafawa sai Alhaji ya ce kada a manta da mutanenmu na bakin teku. Malam ya sake ɗaga hannu.

"Allah, ɗiyan gidajjen nan da anka manta da su, ka sa a gina musu lakwal ɗinsu, yaransu su yi karatu. Matansu ka sauke su lahiya. Yadda ka sa munka gano su, kada ka bari a sake ɓad da su."

Na saci kallon Kawu. Idanunsa a rufe suke, tafukansa a buɗe, kuma muryarsa ta fi ta kowa ƙarfi. Ni ma na ce amin.